Kwana Casa'in Ba Ya Yaye Yaro

Ran 15 ga watan Agusta na shekarar 2021 mayaƙan Taliban suka shiga birnin Kabul, gwamnatin Shugaba Ashraf Ghani ta watse, shi kansa ya tsere daga ƙasar. Cikin makonni biyu da suka biyo baya jiragen saman Amurka da na ƙawayenta suka kwashe mutum fiye da 120,000 daga filin jirgin saman birnin, duniya kuwa ta zuba ido tana kallon iyaye suna miƙa jarirai ta saman katanga zuwa hannun sojojin da ba su taɓa sani ba. Da wa'adi ya cika masu ɗaukar hoto suka naɗe kayansu, suka nufi wani wurin da wuta ke ci. To, amma jariri ba ya daina jin yunwa don an daina nuna shi a talabijin, shi ya sa ya kamata mai karatu ya ji inda waɗannan iyalai suka sauka, da kuma wanda ya riƙa musu yara sa'ad da ƙura ta lafa.

Tun da farko sai a san cewa waɗanda suka isa Amurka 'yan kaɗan ne cikin masu gudun hijirar Afganistan. Tun daga watan Disamba na 1979, lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet suka mamaye ƙasar, Pakistan da Iran su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin, miliyoyin mutane, ko da yake daga 2023 zuwa 2025 ƙasashen biyu sun tasa ƙeyar jama'a masu ɗimbin yawa zuwa gida. Dalilin zaɓen Amurka a wannan fili shi ne, ƙasa ce mai arziki, mai tsararrun ofisoshi da rubutattun dokoki, saboda haka abin da ya gagari hukuma a can ba za a ce rashin kuɗi ne ya kawo shi ba.

Wajen mutum 76,000 aka kai Amurka a watannin farko. Aka rarraba su a barikokin soja guda takwas, a jihohi irin su Birjiniya da Teksas da Wiskonsin da Niyu Jasi, kusan rabin waɗanda aka ajiye a barikokin kuwa yara ne. A cikin watan Satumba baƙon dauro ya ɓulla a tsakaninsu, har aka tsayar da jigilar mutane na 'yan makonni aka bi su da allurar riga-kafi. Mata masu ciki suka yi ta haihuwa a asibitocin da ke kusa da barikokin. Sai a watan Fabrairu na 2022 aka sallami na ƙarshe daga cikinsu, kowane iyali aka sa shi a mota ko a jirgi zuwa garin da zai zauna.

A nan ne ainihin maganar take. Bisa ga tsarin da Amurka ta bi tun daga dokar masu gudun hijira ta 1980, gwamnati ba ta saukar da baƙo da hannunta. Akwai manyan ƙungiyoyin agaji, guda tara ne a lokacin, yawancinsu na coci-coci, ɗaya ta Yahudawa, waɗanda gwamnati ke ba kuɗi su yi aikin. A 2021 abin da ake bayarwa kan kowane mutum ɗaya dala 2,275 ne, sau ɗaya tak, kusan rabi na tafiyar da ofis da albashin ma'aikata, saura na hayar gida da katifa da tukwane da abincin farko. Wa'adin aikin kwana 90 ne. A cikinsu ma'aikacin ƙungiya zai taryi iyali a filin jirgi, ya nemo gida, ya sa yara makaranta, ya kai kowa asibiti a duba shi, ya cika takardun taimakon abinci da na magani, sa'an nan, abin da ya fi kome muhimmanci a idon hukuma, ya samo wa maigida aikin yi. Idan kwanakin suka cika sai a rufe fayil, a juya ga waɗanda suka sauka jiya.

Lalle tsarin yana da hujjarsa. Mutumin da ya kama aiki da wuri yakan tsaya da ƙafarsa, ba ya zama ɗan a-ba-ni. Sai dai duk wanda ya dubi abin da idon basira zai ga an yanka rigar ne daidai jikin namiji mai ƙarfi. Maigida ya fita tun asuba zuwa masana'antar nama ko rumbun ajiye kaya, ko ya kama tuƙin mota. Yaran da suka kai shekara biyar motar makaranta ta zo ta kwashe su, cikin 'yan watanni Turanci ya zauna a bakinsu. Wa ya rage a gida? Uwa, da na goye, da na yaye, da mai shekara uku ko huɗu. Su ne ba sa cikin rajistar makaranta, ba sa cikin rajistar ma'aikata, kuma su ne suka fi kowa bukatar a leƙo su.

Mace a Afganistan, kamar 'yar'uwarta a Kano ko Damagaram, ba ta renon ɗa ita kaɗai. Gida babba ne, akwai uwar miji, akwai matan 'yan'uwan miji, akwai ƙanne da maƙwabta. In ta haihu takan yi zaman kwana arba'in, a dafa mata, a gasa mata jiki, a karɓe mata jariri ta samu barci. Yau ga ta a hawa na uku na wani bene a bayan gari, ƙofar kowa a rufe, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, babu kasuwar da za a je da ƙafa, motar haya kuwa sai wanda ya iya karanta lambarta. Galibin matan ƙasar ba su samu karatun boko ba, waɗanda suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, waɗansu ma Fashto kaɗai suke ji, alhali tafintan da aka fi samu masu jin Dari ne, kuma maza ne. Yaya mace mai kunya za ta gaya wa baƙon namiji, ta wayar tarho, abin da ke damunta bayan haihuwa? Sai ta ce lafiya lau. Likita ya rubuta lafiya lau.

Ga kuma dokokin da ba wanda ya taɓa faɗa mata. Ba a ɗaukar jariri a cinya cikin mota, sai an ɗaure shi a kujerarsa ta musamman. Barin ƙananan yara a gida a hannun yayarsu 'yar shekara takwas, abin da ba kome ba ne a Kandahar, yana iya jawo maƙwabci ya kira hukumar kare yara, ita kuwa tana da ikon raba ɗa da iyayensa. Masu gidajen haya sukan ƙayyade mutum biyu a kowane ɗaki, saboda haka mai 'ya'ya shida ko bakwai yakan yi watanni a otel kafin a samo masa inda zai shige. Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Ba wai babu taimako a rubuce ba. Akwai shi, mai kyau kuwa. A ƙarshen watan Satumba na 2021 majalisar dokokin Amurka ta amince a ba 'yan Afganistan ɗin nan irin tallafin da ake ba cikakkun masu gudun hijira, ta ware dala biliyan 6 da ɗoriya. Akwai shirin da ake kira WIC, wanda aka soma tun farkon shekarun 1970, yana ba mata masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar madara da ƙwai da wake da hatsi da kayan lambu. Akwai Head Start, makarantar share fage ta kyauta ga 'ya'yan talakawa, wadda gwamnatin Shugaba Johnson ta kafa a 1965, daga baya aka ƙara mata reshe na 'yan ƙasa da shekara uku. Amma kowannensu yana da ƙofa, kowace ƙofa kuwa tana da takarda. Katin WIC ba ya sayen kowace irin madara, sai mai suna kaza, mai girma kaza, in uwa ta ɗauko wata sai na'urar kanti ta ƙi, ga layi a bayanta ana kallo. Mace ɗaya ta ji irin wannan kunya sau ɗaya, da wuya ta sake komawa. Head Start kuma gurabenta ba su taɓa isar masu nema ba, sai a rubuta suna a jira. Kamar da gayya, a watan Fabrairun 2022 da aka rufe barikokin, a cikinsa ne aka rufe wata babbar masana'antar madarar jarirai a jihar Mishigan, madarar ta yi ƙaranci a kantunan ƙasar har tsawon watanni. Uwar da aka haifa a garin ma sai da ta zaga kanti biyar, balle wadda ba ta da mota.

Waɗanda suka cike wannan giɓi mutanen unguwa ne, musamman 'yan Afganistan da suka riga zuwa. A garin Firimont na jihar Kaliforniya, inda suka fara taruwa tun shekarun 1980 har ana kiran wani yanki nasa Ƙaramar Kabul, akwai ƙungiyar Afghan Coalition tun 1996. A birnin Niyu Yok akwai Women for Afghan Women, wadda aka kafa a 2001, watau ƙungiyar mata domin matan Afganistan. Masallatan arewacin Birjiniya da na Sakramento da Hustan suka zama wurin tara tufafi da ƙyallayen jarirai da kujerun mota, coci-coci su ma ba a bar su a baya ba. A watan Oktoba na 2021 gwamnati da kanta ta yarda ƙungiyoyin tara ɗin nan sun cika sun batse, ta buɗe hanya ga talakawan gari: mutum biyar ko fiye su haɗa kai, su tara dala 2,275 kan kowane baƙo, su ɗauki iyali guda su riƙe. A kan takarda su ma wa'adinsu kwana 90 ne, amma matar da ta raka wata ɗakin haihuwa ba ta duba kalanda kafin ta sake leƙo ta.

Abin da waɗannan ƙungiyoyi suka gano ba wani abin mamaki ba ne, sai dai ofis ba ya gano shi da sauƙi. In an buɗe ajin koyon Turanci na mata ba a tanadi ɗakin ajiye yara a gefensa ba, ba wadda za ta zo. In malamin namiji ne, mazan ba za su bar su ba. In babu mai zuwa ya ɗauko su, ajin zai zauna fayau. Kuɗin gidan reno a garuruwa da yawa ya zarce dala 1,000 a wata kan jariri guda, saboda haka uwa ba za ta yi aiki ba sai ta samu mai riƙe yaro, ba za ta biya mai riƙe yaro ba sai ta yi aiki. Wata dabara da ofishin kula da masu gudun hijira ya ɗauki nauyinta shekaru da dama ita ce a koya wa matan da kansu sana'ar reno, a taimake su su samu lasin, su mai da falonsu gidan reno. Uwa ta samu abin sayen gishiri ba ta bar ɗakinta ba, maƙwabciyarta ta samu inda za ta ajiye ɗa a hannun mai jin harshensa, mai sanin abin da yake ci da wanda ba ya ci.

Akwai misali guda da ya kamata a tsaya a kansa, domin ya nuna bambancin takarda da mutum, kuma mai karatu zai ga bai yi masa nisa ba. Shi ne maganar kwalli.

Mutanen Afganistan suna kiransa surma. Suna sa wa jariri tun yana ɗan kwanaki, domin ido ya yi kyau ya yi ƙarfi, waɗansu kuma domin tsari daga kambun baka, da yawa suna ɗaukarsa sunna. A 2013 a birnin Albukaki na jihar Niyu Meziko aka auna jinin waɗansu yara biyu, wa da ƙane, 'ya'yan masu gudun hijira daga Afganistan, aka tarar da dalma ta wuce kima. Da aka bincika gidan sai aka ga kwallin da suka zo da shi fiye da rabinsa dalma ce. Shekara biyu kafin wannan, a 2011, an ga irin haka a Bostan ga wani jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Nijeriya, tozalin da ake sa masa fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce zalla. Dalili kuwa shi ne, dutsen da ake niƙawa a sayar da sunan kwalli a kasuwanni da yawa dutsen dalma ne. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga.

Wanda ya tuna abin da ya auku a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, ba sai an gaya masa dalma ba abar wasa ba ce. Amma mugun halinta shi ne, in kaɗan-kaɗan take shiga ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa kuka. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali, sai yaro ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne. Saboda haka hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawara a auna jinin kowane yaro ɗan gudun hijira cikin kwana 90 na farko, sa'an nan ƙanana a sake auna su bayan wata uku zuwa shida. Mai karatu ya lissafa da kansa. Awon farko yana cikin wa'adin ma'aikacin ƙungiya, shi zai ɗauke su a mota ya kai su. Awo na biyu, wanda shi ne zai nuna ko gubar tana nan cikin sabon gidan, yana faɗowa ne bayan an rufe fayil. Sai a aiko wasiƙa da Turanci ga matar da ba ta karatu.

A gundumar King ta jihar Washintan, inda birnin Siyatil yake, ma'aikatan lafiya suka lura 'ya'yan 'yan Afganistan sun fi sauran yara yawan dalma a jini. Maimakon su tsaya ga aika wasiƙu sai suka haɗa kai da wata ƙungiyar 'yan ƙasar mai suna Afghan Health Initiative, aka shiga gidaje da masu jin harshe, aka zauna aka sha shayi, aka nemi izinin auna kayan ɗaki. A nan aka gano abin da ba a zata ba: tukwanen alminiyam da iyalan suka ɗauko tun daga gida, har da irin mai murfin nan da ake ɗaurewa tururi ya dafa nama da sauri, waɗanda maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarafa, suna sakin dalma cikin abinci. An buga sakamakon binciken a 2022. Aka riƙa ba iyalai sababbin tukwane na ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin tsofaffin, a 2024 kuma majalisar jihar ta yi dokar ƙayyade dalma a kayan girki. Ba zai zama ɓata lokaci ba a faɗa a nan cewa an taɓa auna irin waɗannan tukwane na zubi a Kamaru aka sami dalma a cikinsu, kuma duk wanda ya san kasuwannin ƙasar nan ya san abin da Hausawa ke kira tukunyar dalma.

Abin lura shi ne yadda aka yi aka karɓi tukunyar. Mace ta bar gidanta da gonarta da kabarin iyayenta, abin da ta iya ɗaukowa cikin jaka guda ita ce tukunyar da uwarta ta ba ta, sai wani baƙo mai farar riga ya ce guba ce. Kwallin da kakarta ta sa wa uwarta, uwarta ta sa mata, a ce shi ke cutar da ɗanta. In maganar ta fito daga bakin hukuma, zagi za ta ji, ta ɓoye kayan in ta ji ƙwanƙwasa ƙofa. Sai 'yar'uwarta mace, wadda ita ma ta yi girki da irin tukunyar ta kuma sa wa nata 'ya'yan kwallin, ita ce za ta iya zama ta warware mata cewa ba al'adar ake zagi ba, dutsen ne aka gurɓata. Irin wannan aiki kuwa ba a gama shi a zama ɗaya.

Duk wannan an yi shi ne alhali ƙafar iyalan ba ta taka ƙasa sosai ba. Yawancinsu an shigo da su ne da izinin zama na shekara biyu, na jin ƙai, wanda ba ya kai mutum ga zaman dindindin. An gabatar wa majalisa da shirin dokar da za ta daidaita matsayinsu a 2022, aka sake a 2023, duka bai wuce ba, sai kowa ya bi dogon layin neman mafaka ko na bizar waɗanda suka yi wa sojojin Amurka aiki. Ran 20 ga Janairu na 2025 Shugaba Trump ya dakatar da shigo da masu gudun hijira, bayan 'yan kwanaki aka umarci ƙungiyoyin agajin su tsayar da aiki, har da na iyalan da ba su cika kwana 90 ɗin ba. Ƙungiyoyin suka sallami ma'aikata da yawa, ta limaman Katolika da ta cocin Episkofal suka janye daga yarjejeniyarsu da gwamnati kafin tsakiyar shekara. A watan Yuni aka sa Afganistan cikin ƙasashen da aka hana mutanensu shiga Amurka, a watan Yuli aka soke kariyar wucin gadi da waɗansunsu ke zaune a ƙarƙashinta, aka kuma sa hannu a dokar da ta cire masu gudun hijirar da ba su samu takardar zaman dindindin ba daga babban shirin taimakon abinci. A ƙarshen Nuwamba aka tuhumi wani ɗan Afganistan, cikin waɗanda aka kwaso a 2021, da harbin sojoji biyu a birnin Washintan, ɗaya ta rasu, nan take hukumar shige da fice ta tsayar da duba takardun 'yan ƙasar baki ɗaya. Laifin mutum ɗaya ya hau kan dubban gidaje.

Da kuɗin gwamnati ya janye, nauyin ya koma inda yake tun asali, wurin masallaci da coci da ƙananan ƙungiyoyi da matan da ke da mota da sauran lokaci. Kada a yaudari kai, waɗannan ba za su iya biyan hayar gidan iyali mai mutum tara wata da watanni ba, ba su kuma da ikon ba kowa takardar zama. Sadaka ba ta maye gurbin hukuma. Iyakar abin da ke hannunsu shi ne kai uwa awon ciki, da karanta mata wasiƙar asibiti, da tsayawa kusa da ita a kanti har ta gane madarar da katinta ke saye.

Jariran da aka haifa a lokacin zaman barikoki, a ƙarshen 2021, 'yan ƙasar Amurka ne ta wajen haihuwa, ko da yake da yawa cikin iyayensu an bar su suna jiran hukunci a kan takardunsu. Shekarar 2026 ita ce shekarar cikarsu biyar, watau shekarun da ake yanke wa yaro madarar WIC, motar makaranta kuma ta soma tsayawa dominsa a bakin hanya. A yawancin gidajen akwai ƙane ko ƙanwa a bayansu, wani ma biyu, suna sama tare da uwa.